Dabino a Aljihun Kaka

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma idan ranarsa ta cika. Ta Kakana ta cika a daminar bara, da hantsi, a ɗakinsa da ke jikin zaure a gidanmu na Samaru. Kafin la'asar an kai shi an dawo, an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin hanya.

Ni ina ciki wajen mata, ina raba ruwa. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gaban Hajiya, kakata, ta yi gaisuwa, sannan ta ce ai Malam ya huta. Da farko ina amsawa. Da abin ya yi yawa sai na ajiye tiren na zagaya bayan ɗaki, don na san halin bakina. Hutun ne fa ya cinye shi. A shekarunsa na ƙarshe ba abin da ya roƙa a gidan nan illa a bar shi ya gaji, aka hana shi.

A waje kuwa yaransa ne suka cika tabarmi. Na ce yara, amma duk sun yi furfura, wasu tumbi ya riga su shigowa. Su ba Malam suke ce masa ba, Koci suke cewa, wato mai horar da 'yan wasa. Wani ƙato a cikinsu ya rufe fuska da hannun babbar riga yana kuka har kafaɗunsa na rawa, na kusa da shi na ba shi haƙuri shi ma yana sharar ido. Akwai kuma aminin Kaka, mai sayar da kayan keke a Sabon Gari. Kirista ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo iyayensa daga kudu, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. An kawo masa kujera saboda gwiwarsa ya ƙi, ya zauna a ƙasa tare da kowa. Da na fito da abinci sai na same shi a zaure yana tsaye gaban keken Kaka, wanda ke ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi.

"'Yata," ya ce, "har yanzu ba ku cire masa kwaɗon nan ba?"

Na ajiye kwanon na koma ciki.

Ina rubuta wannan ne don kada tsohon nan mai zama kan benci yana kallon hanya ya zama shi kaɗai ake tunawa. Ƙannena shi suka sani. Ni na riski ɗayan, wanda kafin ka gama ɗaura takalmi ya kai Shika.

Kaka malamin wasanni ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tara masu tseren keke da masu dogon gudu. Ba wanda ya ɗora masa, shi ya ɗora wa kansa. Duk Asabar bayan sallar asuba za ka gan su a ƙofar gidanmu, ɗaliban jami'a da 'yan Sabon Gari da samarin Bomo, su miƙi hanyar Shika, wani lokaci har Giwa, sai rana ta take su dawo. Ba ya ce wa kowa ina kwana. Gaisuwarsa ita ce, "Me ka ci?" In ka ce ba komai sai ya nuna maka hanyar cikin gida, kuma ba za ka hau kekenka ba sai ya ga gindin kwano.

A gindin murhun Hajiya ya taɓa yi mini bayanin abin da ya sa. Ya ɗauki kara a hannu ɗaya, ya nuna gungumen da ke ci da ɗayan. Ya ce tuwo da shinkafa da dankali da duk wani abu mai zaƙi, jiki na mayar da su suga, ya ɓoye wani a hanta, wani a cikin tsoka. Wannan shi ne kara. Nan da nan yake kamawa, wutarsa da ƙarfi, amma ɗan kaɗan jiki ke iya ajiyewa, in kana taka keke da gaske da ƙyar zai kai ka awa biyu. Kitse kuwa shi ne gungumen. Ko ramamme yana da wanda zai kai shi Kano, sai dai a hankali yake ci, ba zai haura tudu da kai a guje ba. Ya ce abin da ƙafa ta ɓoye nata ne ita kaɗai, hannu ma ba ya ara mata nasa. Hanta ce mai kyauta, ita ke sakin nata cikin jini don ƙwaƙwalwa ta samu, shi ya sa in ajiyar ta ƙare ba ƙafa kaɗai ke mutuwa ba, hankali ma gushewa yake yi. Na dubi ƙafafunsa kamar sandar rake na ce to shi ina nasa gungumen. Ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ni amarya, don in riƙa sam masa nawa kitsen. Ban yi masa magana ba har washegari.

Dokarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna a tabarmin nan zai iya maimaita ta cikin barci: ka ci kafin ka ji yunwa, in ka ji ta ka makara. Ya sa tela ya ɗinka masa aljihu a bayan rigunansa, inda hannu zai kai yana kan keke, kullum cike da dabino. Masu keke ya ce su ci ayaba ko dabino suna tafe, kaɗan-kaɗan, tunda cikinsu a zaune yake. Masu gudu kuwa cikinsu girgiza yake, sai ya dama musu kunu tsararo da ɗan suga su riƙa kurɓa, yana cewa ciki ma sai an koya masa aiki kamar yadda ake koya wa ƙafa. In an dawo ba a hira sai an ci, don lokacin ne tsoka ke buɗe baki ta mayar da abin da ta kashe. Da azumi ba ya barin kowa ya yi gudun ƙarfi. A hankali za a taka da yamma, a lissafa yadda za a iso ƙofar gida daidai da kiran magariba.

Ƙaton nan mai kuka shi ya ba da labarin faɗansu da bakinsa, rana ta biyu da rasuwa, ina jin sa daga zaure. Ya ce yana ɗalibi ya ji an ce in mutum ya saba hawa da wofin ciki zai fi kowa juriya, ya tsaya gaban jama'a ya ce wa Koci tsarinsa tsohon yayi ne. Koci ya ce in bai ci ba ba zai bi su ba. Shi kuma ya ce hanya ba ta Koci ba ce. Suka tafi a fusace, shi a gaba, har yana waiwayowa yana musu dariya. A dawowa, daidai gonakin Bomo, ƙafafunsa suka zama na wani. Ya sauka ya zauna gindin mangwaro, gumi mai sanyi na zuba, ya rasa ko gabas Samaru take ko yamma, ya kama kiran sunan mahaifiyarsa. Koci ya iso ya jingine keke, ya riƙa sa masa dabino a baki ɗaya bayan ɗaya kamar mai ciyar da ɗan tsako. Da idonsa ya washe sai Koci ya tambaye shi, cikin ladabi, ko sabon yayin ya iso ko a jira shi. Duk tabarmin aka yi dariya, shi ma mai labarin ya yi, sannan ya koma kukansa.

Akwai abin da ban gane ba sai da na girma. Duk Juma'a da yamma sai an dafa tuwon shinkafa tukunya guda a gidanmu, kuma dole duk mai fita gobe ya zo ya ci, wai don a cika ajiya tun kafin a hau hanya. Gaskiya ne, haka jiki yake so. Amma a cikin masu gudun akwai wata yarinya daga Sabon Gari, marainiya, wadda in ba wannan tuwon ba ba lallai ta kwana da komai a ciki ba. Da ya kira ta ita kaɗai da ba ta zo ba. Sai ya mayar da abin doka a kan kowa, har 'ya'yan manya masu kawo ƙorafin miyar ta yi yaji. Hajiya ce ke tuƙa wannan tuwon shekara da shekaru, tana mita tana ƙara musu miya.

Sai ciwon suga ya kama shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane yadda za su ci zaƙi a kan ƙa'ida, shi aka ce jininsa ya cika da shi. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage zaƙi da tuwo, kuma kada ya daina motsa jiki. A gidanmu rabin farko aka ji. Hajiya tana da dalilinta, don wannan ciwon ne ya ci yayarta, sai da aka yanke mata ƙafa kafin ta rasu, kuma Hajiya ce ta yi jinyarta. A wurinta suga guba ne, ba wani bayani. Ta kwashe na gidan ta kyautar, ta daina dama koko, ta koma laluben aljihunsa kamar mai neman wasiƙar budurwa. Ya sha gaya mata cewa ƙwayar da yake sha tana sauke suga, keke ma yana saukewa, in suka haɗu sai ya faɗi ƙasa da yadda ake so, kuma a lokacin dabino magani ne. Sai ta yi dariya ta ce kwaɗayi dai, Malam, kwaɗayi da iya tsara magana.

Wata Asabar ya fita shi kaɗai, don yaran nasa duk sun watse sun zama magidanta. Da hantsi motar masu tumatir ta tsaya a ƙofar gida. Manoma ne suka tsince shi a gefen hanyar Bomo, ya jiƙe da gumi, bai san inda yake ba, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Wata mata a cikinsu ce ta ɗura masa kunun zaƙin da ta kawo gona, shi ya dawo da shi. Kafin a sallamo shi daga asibiti Abbana da Baffa sun sayo sarƙa da kwaɗo. Suka ce keke ya ƙare, kuma Baffa ya tafi gidansa da makullin.

Kaka ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi fushin da ya kai shi ƙin cin abinci. Amininsa na Sabon Gari ya ce zai kawo masa wani keken ya ɓoye a shagon maƙwabci, ya ƙi. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai saci hanya a gidansa, kuma ba zai iya taka feda ba yana sane da Hajiya na zaune a bakin ƙofa tana kuka. So yake a buɗe masa da hannun da aka rufe.

Ni ce na ga kamar zan iya. Na raka shi wurin likita, na sa likitan ya faɗa a gabana cewa keken zai taimake shi, in dai zai ci abinci kafin ya fita, ya riƙe abin zaƙi a jikinsa, kuma ya samu abokin tafiya. Na dawo da murnata na sa aka tara gida. Aka zauna a tsakar gida bayan la'asar, Abbana da Baffa, da Hajiya, da Gwaggo ƙanwar Kaka, wadda dama ta daɗe tana yawo da maganar cewa Hajiya na kashe mata ɗan'uwa da yunwa. Na gama jawabina tsaf. Abbana ya saurara har ƙarshe, don ba mai hayaniya ba ne, sannan ya juya wurin mahaifinsa.

"Baba, duk abin da likitan nan ya faɗa kai ka koya wa mutane shi tun ba a haife shi ba. Ba ka taɓa fita ba dabino ba. To ranar nan me ya kayar da kai? In ka gaya mana abin da ya faru, kuma muka ga abin da za a iya kiyayewa ne, yau ɗin nan za a kawo makulli."

Na dubi Kaka ina jira. Ya dubi tabarma, ya dubi Hajiya da ke gefe tana tsince shinkafa a faranti, ya sake duban tabarma. Ya ce tsufa ne. Baffa ya ce to ai ka ji, tsufa kuwa ba a kiyaye shi. Aka shafa fatiha aka tashi.

Na bi Kaka ɗaki raina a ɓace. Na ce ya kunyata ni, na ɗauko masa hanya ya sa ƙafa ya ture. Ya bari na gama, sannan ya ce in turo ƙofa. Ya ce ranar nan tun daga Shika ya ji alamar, yatsunsa na rawa, hanya na rabuwa biyu. Bai damu ba, don da hannunsa ya cika aljihu tun daren jiya. Ya kai hannu baya ya ji wayam. Ya ce nan take ya san hannun da ya shiga wurin, kuma ya san da wace zuciya ya shiga.

"In na faɗa, na samu kekena," ya ce. "Kakarki kuma fa? Gwaggonki za ta kai maganar har Tudun Wada, 'ya'yan kakar taki su riƙa kallonta da abin. Ko ba wanda ya ce mata komai, ita ba za ta yafe wa kanta ba. Matar da ta tuƙa wa yaran mutane tuwo saboda ni. Amarya, ki riƙe wannan muddin tana numfashi."

Na riƙe. Hajiya ta bi shi ba da daɗewa ba bayan ta fita takaba, shi ya sa yau nake iya faɗa. Amma a lokacin ba ƙaramin ciwo abin ya yi mini ba. Ina kallon makullin nan a bakinsa, kalma kaɗan ce, ya ƙi furtawa, ni ma ya ɗaure nawa bakin.

Na gwada wata dabarar. Tunda a jikin ƙarfen tsakiya aka ɗaura sarƙar, tayar baya a sake take. Na sa aka ɗora keken kan bulo yadda zai taka a nan cikin zaure. Ya hau don kada in ji kunya. Ya taka, tayar na juyawa a iska, bango na gabansa, yaran unguwa suka taru a ƙofa suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Bai daɗe ba ya sauka. Ya ce na gode, amma wannan injin niƙa ne ba hatsi. Bai ƙara hawa ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ba.

Daga nan sai benci. Ƙafafun da ke shanye sugan jininsa suka zauna, sugan ya yi ta hawa, aka ƙara ƙwaya, aka koma allura. Kowane hawa sai Hajiya ta ƙara tsananta tsaro, ta rage tuwon, ta ƙara lalube. Idonsa ya fara hazo, tafin ƙafarsa ya daina jin ƙasa. Ranar Asabar da safe yakan sa rigarsa mai aljihun baya ya zauna a ƙofar zaure. In ɗalibai masu motsa jiki suka wuce a guje sai ya ɗaga murya ya tambaye su me suka ci. Ba su san shi ba. Wasu su ɗaga masa hannu, wasu su ce wa juna tsohon nan ya fara ruɗewa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Hajiya murya a kan abinci ba. In ta zo lalube sai ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, ya ce a yi a hankali, akwai cakulkuli.

Bayan an share makoki, wata rana da azahar, ina ɗakin Hajiya ina ninke kayansa da za a bayar sadaka. Tana zaune kan darduma da carbinta, ta rame, ba ta barcin kirki tun rasuwar. Na ɗauko ɗaya daga cikin rigunan nan masu aljihu a baya sai ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta zura hannu cikin aljihun, yadda ta saba, ta fito da shi ba komai.

"Ni dai ban gaza ba," ta ce. "Allah ya gani na tsare shi iyakar iyawata. Ko ranar da ya faɗi ɗin nan, yana alwala na zazzage aljihun nan tas, dabino cike da hannu. Ki duba fa. Da ya ci su a kan wannan ciwon, ai da gawarsa za a kawo mini, ba karaya ba."

Na ci gaba da ninki. Ta kira ni, na ɗago.

"Ke kin je wurin likitan da shi. Ko ba haka ba ne?"

Tunda nake da ita ba ta taɓa tambayata gaskiyar wani abu ba, ita ke faɗa mu bi. Ta kafe ni da ido tana jira, kuma na ga ba yau tambayar ta fara zama a ranta ba.

"Haka ne, Hajiya," na ce. "Kin kyauta masa."

Ta sauke numfashi, ta ninke rigar da kanta, ta sa ta ƙarƙashin kai ta kwanta a nan kan dardumar. Kafin in gama kwashe kayan barci ya ɗauke ta, na ja mata ƙofa a hankali.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙanta, ya sa kabarinsu ya yi musu faɗi, mu kuma ya yafe mana.